Fedar faz mai okteb: me ya sa take rikicewa idan an haɗa tsirkiya biyu?

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. Na sayi fedar faz mai okteb ta hannu, wato akwatin da ake takawa da ƙafa ya sa sautin jita ya yi kaushi, irin wadda aka ce tana ɗora wa jita murya ta biyu a sama. Na jona ta da amfilifaya, faz ɗin yana fita da ƙarfinsa, amma muryar saman nan ban ji ta ba sam. Idan kuma na kama kod, wato tsirkiyoyi da yawa tare, sai wani gurnani ya taso, har na zaci sifikar ce ta yage. Wanda ya sayar min ya rantse lafiyarta ƙalau. Jabu aka ba ni, ko wani abu ne ya ƙone a ciki?

Bahago: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi saurin mayar da ita. A wane fikof kake, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kuma a ina kake kaɗawa a wuyan jitar?

Autan Zaure: Fikof ɗin da ke kusa da jaki, Yaya. Ton, abin murɗa kaifin sauti, a buɗe gaba ɗaya. Ina kaɗi ne can ƙasa, gaɓa ta 3 zuwa ta 5.

Bahago: To ai duk ƙofofin da take fitowa ka rufe su. Koma fikof na wuya. Murɗe ton ɗin jitar ya sauka kusan ƙarshe. Rage ƙarar jitar kaɗan, kamar zuwa 7. Sai ka hau gaɓa ta 12 zuwa ta 15 a tsirkiyoyi uku sirara, ka taɓa murya ɗaya tak, a hankali, sauran tsirkiyoyin ka danne su da tafin hannu kada su yi motsi. Idan da hali ma ajiye robar kaɗin ka yi da tsokar yatsa. Gwada ka dawo mana.

Autan Zaure: Ikon Allah! Ta fito, Yaya Bahago. Ga ta nan siririya a saman ta asali, kuma da muryar ta fara mutuwa sai ta saman ta ƙara bayyana. Allah ya saka da alheri. Amma me ya sa sai a nan wurin kaɗai?

Baba Mai Rediyo: Ɗana, bari in ba ka amsar wannan, domin abin da ke cikin akwatin nan naka ba baƙo ba ne a wurin duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar adafta.

Wutar da ke zuwa gidajenmu, a Najeriya da Nijar, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa: rabi sama, rabi ƙasa. A cikin adafta akwai ƙaramar taransifoma mai waya uku a gefe guda, ta tsakiyar ita ce ƙasa, sai dayod biyu. Aikinsu su kamo rabin da ya yi ƙasa su juyo da shi sama. Inda da akwai tudu ɗaya da kwari ɗaya, yanzu tudu biyu ne. Shi ya sa idan babbar kafasitar adafta ta bushe, kukan da kake ji a rediyo sau 100 ne a daƙiƙa, ba 50 ba. Ninki biyu ke nan.

To haka aka yi wa sautin jita. Muryar da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, idan aka naɗe rabinta na ƙasa zuwa sama, sai ta koma 880, kuma duk muryar da ta ninka sau biyu ita ce okteb ɗin sama. Ka lura da kyau: fedar ba ta san wace murya ka kaɗa ba. Ba ta lissafi, ba ta ƙirƙiro sabuwar murya ta ɗora. Abin da ka ba ta shi take naɗewa. Idan ka ba ta sauti mai santsi, wanda samansa da ƙasansa suka yi daidai, tudun biyu za su fito iri ɗaya, okteb ya fita fes. Idan ka ba ta sauti mai tarkace, irin na fikof ɗin jaki mai kaifi, tudu ɗaya zai bambanta da ɗan'uwansa, kunne ya ci gaba da jin muryar asali, okteb ɗin ya nutse a cikin hayaniya.

Batun gaɓa ta 12 kuwa, ɗauki tef ka auna da kanka. A jita irin Stratocaster, tsawon tsirkiya daga jaki zuwa kai kimanin santimita 65 ne. Fikof na wuya yana zaune wajen santimita 16 daga jaki, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka danne gaɓa ta 12, rabin tsirkiyar ne kawai ke rawa, kuma tsakiyar wannan rabin ta faɗo daidai kan fikof na wuya. A tsakiyar tsirkiya kuwa muryar asali ta fi ƙarfi, tarkacen ya fi ƙaranci. Ka ga ba sihiri ba ne, awo ne.

Autan Zaure: Allah ya ƙara girma, Baba. Na auna, haka yake.

Bahago: Baba ya gama magana. Ni dai tarihin zan ƙara, don Auta ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Wani injiniya Bature ɗan Ingila, Roger Mayer, shi ya ƙera wadda ake kira Octavia. A lokacin yana aikin binciken sauti a ma'aikatar sojan ruwa ta Birtaniya. Ya haɗu da makaɗin jita Jimi Hendrix a Landan a farkon 1967, kuma cikin 'yan makonni aka yi amfani da ita a solon waƙar Hendrix mai suna Purple Haze, wato wurin da jita ke jan waƙar ita kaɗai. Duk wanda ke son jin ainihin muryar wannan feda ya je ya saurari wannan wurin, sannan ya nemi wasan da Hendrix ya yi da Band of Gypsys a Fillmore East ta New York a daren shiga 1970. A shekarun 1970 wani kamfani a Kalifoniya, Tycobrahe, ya kwaikwayi ɗaya daga cikin na Mayer ya fitar da tasa mai taransifoma, ita ce makaɗin jita Stevie Ray Vaughan ya riƙa takawa. A wurina wannan ita ce okteb faz ta gaskiya. Idan babu taransifoma a ciki, kwaikwayo ne kawai.

Baba Mai Rediyo: A nan kam ban bi ka ba, Malam Bahago. Taransifomar aiki ɗaya aka sa ta: ta raba sauti gida biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a juye. Tiransisto guda ɗaya ma yana yin wannan, ka ɗauki ɗaya a ƙafarsa ta sama, ɗaya a ta ƙasa. Green Ringer ta Dan Armstrong haka take, tiransisto uku da dayod biyu, ko abin murɗawa ba ta da shi. Foxx Tone Machine ba ta da taransifoma. Univox Super-Fuzz ba ta da ita. Kai, shi kansa Mayer, wadda ya dawo yana sayarwa daga baya mai siffar roka, babu taransifoma a cikinta. Za ka ce tasa ma kwaikwayo ce?

Na yarda taransifomar tana da nata ɗanɗano. Ƙarama ce, ba ta iya wuce da sautin ƙasa sosai, tana kuma ɗan tauye na can sama, don haka abin da ya isa dayod ɗin ya riga ya tace. Wannan yana taimaka wa okteb. Amma kafasita biyu da aka zaɓa da kyau za su yi maka kusan hakan.

Bahago: Na karɓi maganar ta Mayer, Baba. Amma kunnena yana jin bambanci a yadda muryar ke kumbura bayan an taɓa ta. Tycobrahe tana fara shiga a danne sannan ta buɗe. Foxx kuwa tun daga bugun farko take ihu.

Baba Mai Rediyo: Bambancin yana nan, ban musa ba. Sai dai mafi yawansa daga yawan ƙarfin da aka tura kafin naɗewar ne da kuma abin da aka yi wa sautin bayanta. Foxx da Super-Fuzz suna da wasu dayod ɗin daban da ke aske kan sautin bayan an naɗe shi, shi ya sa suke da kauri. Octavia ba ta da wannan askin na biyu.

Mai Bes: Tunda an ambaci Super-Fuzz, ku bar ni in yabe ta. Kamfanin Shin-ei ne ya ƙera ta a Japan a ƙarshen shekarun 1960, aka riƙa manna mata sunaye daban-daban. Pete Townshend na The Who ita yake takawa a wasan Leeds na 1970. Tana da maɓalli guda mai kwashe tsakiyar sauti ya bar ƙasa da sama kawai, kuma a bes wannan wurin ba a magana. Boss ta fitar da FZ-2 a 1993 a kan tsarinta, ba ta yi kasuwa ba a lokacin, sai daga baya masu kiɗa mai nauyi suka gano ta, kuɗinta ya tashi. Okteb ɗin Super-Fuzz ba ya fitowa fili kamar na Octavia. Yana cikin jikin faz ɗin ne, shi ke ba shi kaifin nan.

Autan Zaure: Yaya Mai Bes, akwai kuma masu sauko da murya ƙasa ko? Na ga wata shuɗiya ta MXR.

Mai Bes: Blue Box ke nan, amma wannan wani gida ne daban. Ita ba naɗewa take yi ba, ƙirgawa take yi: tana mayar da sautin mai kusurwa huɗu, sai ta raba yawan kaɗawar gida biyu, ta sake rabawa, ka samu okteb biyu a ƙasa. Jimmy Page ya yi solo da ita a faifan Led Zeppelin na 1979. Idan muryar ta fara mutuwa sai ƙirgar ta ruɗe, ta riƙa tsalle tsakanin muryoyi. Wasu wannan ruɗewar ma suke nema.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Na karanta duka, na ƙaru. Amma har yanzu ba a taɓa tambayar Auta ta biyu ba, kuma ita ce ta dame ni, wato gurnanin nan na kod.

Mu a nan kiɗan biki muke yi, kuma salon jitar da ya zo mana daga wajen 'yan'uwanmu Buzaye, irin na su Bombino na Agadas da Mdou Moctar, ba a kaɗa murya ɗaya ita kaɗai. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiya guda a buɗe tana ta amo ba tsayawa, manuniya kuma tana zuba waƙar a sama. Wannan amon na ƙasa shi ne ƙashin bayan kiɗan. Ni kuwa abin da ya ja ni ga fedar nan shi ne, idan ka hau gaɓa ta 12 da ita, muryar da ke fita kamar ta goge take, da ɗan kaushin izgar nan da kukan da ke shiga rai. Na so in kawo wannan cikin kiɗanmu. Amma da zarar na saki tsirkiyar amo tare da waƙar, komai sai ya dagule. Wani wuri ya yi daɗi, gaɓa ta gaba kuma ya zama ƙara marar kan gado. Akwai dabara, ko dai fedar ba ta kiɗanmu ba ce?

Baba Mai Rediyo: Tambaya mai kyau, ɗana, kuma amsarta lissafi ce. Idan murya biyu suka shiga wurin naɗewar tare, ba kowace ce ke ninkuwa ita kaɗai ba. Ban da ninkin kowace, sai wasu muryoyi biyu su haihu: jimillarsu da kuma bambancinsu.

Ɗauki 440 tare da 659, wato murya da ta biyar ɗinta a jerin hawan muryoyi. Bambancin 219 ne, kusan rabin 440 cif, don haka ya zama okteb ɗin ƙasa na muryar farko. Jimillar 1099 ce, ita ma ta faɗa kusa da muryar da ke cikin dangi. Shi ya sa ta biyar take fita da kauri, har ka ji kamar an ƙara maka bes.

Yanzu ɗauki 440 tare da 523, wato ƙaramar ta uku, wadda ba ka rabuwa da ita a waƙoƙinku masu murya biyar. Jimillar 963 ce. Babu gaɓar da ke da 963 a wuyan jita, ta faɗa tsakanin 932 da 988. Wannan baƙuwar muryar ita ke faɗa da sauran. Kuma da yake tsirkiya ba murya ɗaya tsantsa take bayarwa ba, kowace tana tafe da 'ya'yanta, su ma duk sai sun haɗu sun haifi nasu. Ga gurnanin da ku ke ji.

To idan amon yana nan daram, waƙar tana hawa tana sauka, duk lokacin da ta sauka a kan okteb ɗin amon, ko ta huɗu, ko ta biyar, za a ji daɗi. Sauran gaɓoɓin za su yi kaushi. Ba lalacewa ba ce, halittar abin ke nan.

Anti Mai Situdiyo: To Baba, tunda haka ne, me ya sa za a wahalar da yaron nan? Malam na Damagaram, shawarata ka bar tsofaffin akwatunan nan. Tun 2005 Electro-Harmonix ta fitar da POG, mai aiki da lissafin kwamfuta, kuma ita tana ɗaga kowace murya a cikin kod ba tare da haifar da baƙi ba. Yanzu ma ƙananan na'urori masu tarin sautuka a ciki kusan duk suna da irin wannan. Ka sa okteb na kwamfuta, ka biyo shi da ɗan faz mai sauƙi, ka riƙe amonka yadda ka saba. Ga sauƙin kuɗi, ga shi ba ruwanta da zafi. Ku da kuke wasa a filin biki a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ka ɗora feda mai tiransiston jameniyom a kan tabarma cikin rana, kafin la'asar muryarta ta canja. Ni a ɗakin ɗaukar sauti na ga yadda ake fama da su.

Bahago: Anti, da girmamawa, wannan ba abu ɗaya ba ne. Okteb na kwamfuta murya biyu ce tsaf, ɗaya a kan ɗaya, amonta ya fi kusa da na ogan. Abin da Ɗan Damagaram ya ji ya so, kaushin nan ne, kuma daga naɗewar yake fitowa. Ka cire naɗewa, ka cire shi.

Anti Mai Situdiyo: Ban ce abu ɗaya ba ne, Malam. Cewa na yi ɗayan yana aiki da salon kiɗansa, ɗayan ba ya yi. Kuma ka tuna ko faz ɗin kawai, ba tare da okteb ba, yana haifar da jimilla da bambanci, sai dai bai kai na naɗewa tsanani ba. Shi ya sa na ce mai sauƙi. Mutumin da ke gaban amarya da danginta ba gwaji ya je yi ba.

Baba Mai Rediyo: Hajiya tana da gaskiya a batun zafi, amma a rarrabe. Tiransiston jameniyom shi ne mai yoyon wuta idan ya ji zafi, har ma'auninsa ya goce, kamar na Fuzz Face ta farko ta 1966. Yawancin fedojin okteb ɗin nan da muka lissafa tiransistonsu na silikon ne, dayod ɗin ne kawai na jameniyom, kuma su ba su cika tada hankali ba. Dalilin sa su shi ne suna buɗewa da ƙaramar wuta, wajen bolt 0.3, na silikon kuwa sai 0.6 ko fiye. Da na silikon, muryar tana fara rauni sai ta yanke da tartsatsi. Don haka zafin Damagaram ba zai hana shi ba, in dai ya ajiye ta a inuwa.

Ɗan Damagaram: Anti, na gode, kuma na gwada irin abin da kike faɗa a na'urar wani abokin aikina. Amon yana zama lafiya, gaskiya ne. Amma raina bai kwanta da muryar ba, ta yi santsi da yawa. Ni wancan kukan nake so, ko da zan canja yadda nake kaɗi.

Mai Bes: To ai ku ba ku kaɗai kuke hawa dandali ba. Ba akwai mai jita ta biyu ba? Ka bar masa amon shi da mai bes, kai kuma idan lokacin solo ya zo ka taka fedar, ka ɗauke babban yatsa daga tsirkiyar amo, ka yi waƙar da murya ɗaya-ɗaya. Tunda kowace jita da tata hanyar zuwa amfilifaya, muryoyin a iska za su haɗu, ba a cikin dayod ba, babu baƙuwar da za ta haihu. Sai dai kada ku jona jita biyu a amfilifaya ɗaya da aka ƙure wa murya, nan ma za su cakuɗe.

Ɗan Damagaram: Wannan ta shige ni, Yaya. Abin da zai yi wuya shi ne hana babban yatsan, domin shi da kansa yake tafiya.

Baba Mai Rediyo: Akwai hanya ta uku, ita ma tsohuwa ce. Ampeg Scrambler ta 1969 da Fender Blender duk suna da abin murɗawa mai gauraya sautin jita tsantsa da wanda aka naɗe. Scrambler ba ta samu karɓuwa ba a zamaninta, mutane suka ga ta cika hauka, amma dabarar gaurayawar daidai take. Idan sautin asali ya fi yawa, naɗaɗɗen yana bayansa kaɗan, amonka zai tsaya da ƙafarsa, kaushin kuma ya hau kan waƙar. Baƙin muryoyin suna nan, amma an rage musu ƙarfi. Foxx kuma tana da maɓallin da ke cire dayod ɗaya daga aiki, sai ta koma faz zalla, ka mayar da okteb lokacin da kake so.

Anti Mai Situdiyo: Gaurayawar nan na yarda da ita, don haka nake yi a kwamfuta: layi ɗaya tsantsa, layi ɗaya mai faz. Zan ƙara abu ɗaya. A layin mai okteb, ku yanke sautin ƙasa kafin ya shiga fedar. Idan tsirkiyar amo mai kauri ce, yawancin ƙarfinta ba zai kai ga dayod ba, waƙar ta sama ce za ta shiga ita kaɗai.

Autan Zaure: Baba, idan mutum yana so ya haɗa irin wannan da hannunsa, kayan suna samuwa a nan?

Baba Mai Rediyo: Suna samuwa, ɗana, wasu ma a cikin abin da ake zubarwa. Tsofaffin rediyon hannu masu tiransisto suna da ƙananan taransifoma biyu kusa da sifika, masu waya ta tsakiya, kuma kusa da gwangwanayen nan na kamo tasha za ka ga dayod na gilashi, 1N60 ko 1N34A ko OA90, duk jameniyom ne. Ka tara da yawa, ka sa mita a wurin gwajin dayod, ka zaɓi biyu da lambarsu ta fi kusa da juna, domin idan ɗaya ya fi ɗaya tudun biyu ba za su daidaita ba, okteb ya raunana. Wajen liƙa su da dalma ka riƙe ƙafar da filaya, kada zafin ya shiga gilashin. Fara da tsarin Green Ringer, shi ya fi sauƙi, ka sa fedar faz ɗinka a bayansa. Ka kula da wuta: wasu tsofaffin tsare-tsaren ƙasansu fositif ne, kada ka haɗa su a adafta ɗaya da sauran fedoji, ka ba su batir mai bolt 9 nasu daban.

Kai kuma na Damagaram, yanke ƙasan da Hajiya ta faɗa ba sai da kwamfuta ba. Kafasitar farko da ke bakin shigar sauti ita ke yanke hukuncin yawan ƙasan da zai wuce. A rage girmanta, ko a sa biyu da ɗan maɓalli a tsakani, babba don solo, ƙarama don lokacin da amon ke tafiya. Ka kai wa mai gyaran rediyon unguwarku, ka ce ya fara da wadda ta kai kashi ɗaya cikin goma na wadda ke ciki, ku saurara tare da jitar a hannunka, ku yi ta hawa, ku tsaya kafin inda amon zai fara faɗa da waƙar.

Ɗan Damagaram: Madalla, Baba. Gobe in sha Allah zan kai masa. A wace tsirkiya ya fi kyau in riƙe amon lokacin gwajin, ta shida ko ta huɗu?

Baba Mai Rediyo: Fara da ta shida. Tana kaɗawa sau 82 kacal a daƙiƙa, ita ƙaramar kafasitar za ta fi saurin tarewa. Ta huɗu tana wajen 147, ta fi kusa da waƙar, sai an ƙara matsewa kafin ta lafa, kuma a nan faz ɗin zai fara sirancewa. Ka turo mana sautin duka biyun mu ji.